Dangarafan Zamani: Takalmin da Ƙafa Ke So, Ido Ke Musu a Kansa

A wurin dinar bikin wata 'yar'uwarmu na sunkuya zan ɗauko mayafina da ya zame, sai idona ya sauka a ƙarƙashin teburi. Takalma ne birjik, duk masu tsini, wani a tsaye wani a kife, masu su sun baje tafin ƙafa a kan sanyin tayil suna motsa yatsu. Ko abinci ba a fara rabawa ba, amma kowacce ta riga ta tuɓe nata. A teburinmu mutum ɗaya ce ƙafarta ba ta rabu da takalmi ba har aka tashi, ita ce ƙanwata. Ita ce kuma wadda Goggo ta tsayar a tsakar gida kafin mu fito, ta ƙare mata kallo ta ce, "Yanzu ke 'yar nan, bulo za ki ɗaura wa ƙafarki ki shiga cikin mutane?" Ƙanwata ta ce, "Goggo, wallahi kamar a kan katifa nake takawa." Goggo ta ce, "To ai katifa a ɗaki ake barin ta."

Dukkansu gaskiya suka faɗa. Musun da suka yi cikin minti ɗaya a tsakar gida, shi masu harkar ado na duniya suke yi a kan takalmin nan sama da shekara goma, kuma har yau ba wanda ya sauko.

Takalmin mai tudu ne, amma tudun nasa bai-ɗaya ne. Kaurin da ke ƙarƙashin dunduniya shi ne a ƙarƙashin yatsu, in ma akwai bambanci bai taka kara ya karya ba. Turawa sun haɗa kalmarsu ta abu shimfiɗaɗɗe da ta dandamali suka raɗa masa suna filatfom. Ni na fi son in ce masa dangarafan zamani, don duk wanda ya san dangarafai, takalmin icen nan da ake hawa don kauce wa caɓi da damina, ya riga ya san fasalinsa. Yana zuwa a silifa, yana zuwa a sandal mai maɗauri, yana zuwa a kambas, har da sau-ciki irin na maza. Yawancin na kasuwa tudunsu santimita 3 zuwa 7 ne, ko da yake akwai masu wuce gona da iri. Galibi da soson roba mara nauyi ake yin gindin, wasu da igiya saƙaƙƙiya, wasu da katako.

Kafin a kai ga maganar kyau ko muni, gara a fara jin ta bakin ƙafa, tunda ita ke ɗauke da kayan. Ƙafar mutum guda ɗaya tana da ƙashi 26 da gaɓa 33, an gina ta ne don ta raba nauyin jiki tsakanin dunduniya da tudun nan na gindin yatsu. Da zarar an ɗora dunduniya a kan tsini, rabon ya lalace. Nauyi ya gangaro gaba, yatsu su cushe a ƙurewar takalmi, gindin yatsu ya ɗauki abin da ba shi kaɗai aka yi wa ba. Daga nan zogi ke farawa, sai kanta, sai ciwon ƙusa. Jiki kuma ba ya yarda ya faɗi, saboda haka gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, ƙugu ya turo gaba, gadon baya ya ƙara gantsarewa don a samu a tsaya daidai. Wadda ta shekara da shekaru a kan kwas-kwas, tsokar sha-raɓarta kan takure, agararta ta yi tauri, har ta kai in ta sauko ƙasa ta taka ba takalmi sai ta ji ana ja mata jijiya.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, tsawo da gangare abu biyu ne daban, kuma gangaren ne mai cutarwa. A ɗauki takalmi mai tsini santimita 10 wanda gabansa siriri ne: ƙafa tana tsaye ne a kan gangaren santimita 10 cur. In aka ƙara masa tudun santimita 3 a gaba, gangaren ya koma 7, shi ya sa masu tudu a gaba suka fi daɗin sawa duk da tsawonsu. To a ci gaba da cika gaban har ya kamo bayan, 6 a nan 6 a can. Mace ta ƙaru da santimita 6, amma tafin ƙafarta a shimfiɗe yake kamar tana tsaye a tsakar ɗaki. Sirrin filatfom ke nan gaba ɗaya. Ya raba tsawo da azaba, abubuwa biyun da mata suka daɗe suna saye a ƙulli ɗaya. Ga kuma kaurin soson da ke shiga tsakanin ƙafa da zafin kwalta, da tsakuwa, da taurin siminti. Duk wadda aikinta na tsayuwa ne, malamar aji ko mai jiran shago ko mai kwalliyar amare, ta san darajar wannan kaurin da la'asar.

Dabarar kuwa tsohuwa ce tukuf. A gidajen wanka na Daular Usmaniyya, da Sham da Masar, mata kan hau wani takalmin katako mai ƙafafu biyu don kada su taka ruwan datti da zafin daɓe, na masu hali har da adon azurfa. Larabawa suna ce masa ƙabƙab, sunan da aka ciro daga ƙarar da yake yi a kan dutse, kamar dai yadda kunnen Bahaushe ya ji taku ya ce kwas-kwas. A Japan akwai geta, takalmin itace mai ƙafafu biyu, akwai kuma okobo, wani gungumen itace guda da 'yan matan da ke koyon aikin geisha, wato masu nishaɗantar da baƙi da rawa da waƙar gargajiya, suke sawa a birnin Kiyoto. A riƙe wani abu game da okobo, zan dawo kansa: gabansa a shefe yake, an sassaƙe shi ya yi gangare ta ƙasa. A Sin, matan ƙabilar Manchu da ta yi mulki daga 1644 zuwa 1912 suna sa takalmi mai tudu a tsakiyar tafin ƙafa. Har a cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Sa'idil Khudri mai labarin wata gajeriyar mace daga Banu Isra'ila da ke tafiya tare da wasu mata biyu dogaye, ta yi wa kanta ƙafafu na itace, ta ratsa tsakaninsu ba a gane ta ba. Son ƙarin tsawo dai ba yau ya fara ba.

Inda abin ya kai maƙura shi ne birnin Venis na Italiya, daga ƙarni na 15 zuwa na 17. Matan manyan gari suna hawa wani takalmi da ake kira chopine, wanda wasu daga cikin waɗanda suka rage a gidajen tarihi tsawonsu ya kai santimita 50. Mace ba ta iya tafiya a kansa sai da barori biyu tana dafa su, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tun a 1430 hukumomin birnin suka kafa dokar rage tsawonsa, mata suka yi kunnen uwar shegu. Wani abin da ya ja hankalina a labarin shi ne, ba a ma ganin takalmin. Riga ce ke rufe shi ruf. Iya tsawon takalminki, iya yawan yadin alharinin da za ki ja, iya arzikin gidanku da za a gani.

Shigowarsa zamanin nan kuma tana da alaƙa da Afirka ta wata hanya mai ɗaci. Bayan Italiya ta mamaye Habasha a 1935, an ƙaƙaba mata takunkumi, ƙarfe mai kyau ya yi wuya. Salvatore Ferragamo, wani mai ɗinkin takalmi a Florence, ya rasa ƙarfen da yake tokare tsakiyar takalmi da shi, sai ya cike gurbin da ke tsakanin dunduniya da gaba da ɓawon bishiyar nan mara nauyi da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda ya samo daga tsibirin Sardiniya. A 1938 ya fito da wani sandal mai tudu hawa-hawa, kowane hawa da launinsa kamar bakan gizo. Babu ce ta haifi dabarar. A Ingila kuma, a 1949, kamfanin George Cox ya fara yin wani takalmin maza mai kaurin roba shimfiɗaɗɗe da ake kira creeper, samarin Landan suka rungume shi a shekarun 1950. Shi ne kakan filatfom na kusa, kuma na maza ne tun asali, abin da masu cewa wannan shirmen mata ne suke mantawa. A shekarun 1970 maza da mata duk sun hau tudu. Wanda ya kalli hotunan da Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali, ya ɗauki samari da 'yan matan Bamako a wancan lokaci zai ga wando mai faɗin ƙafa yana sauka a kan takalmi mai tudu, kuma in aka bincika tsofaffin hotunan situdiyo a gidajenmu ba za a rasa kawu ko baffa a irin wannan shiga ba. Ya sake dawowa a shekarun 1990, lokacin da mawaƙan Spice Girls suka yayata kambas ɗin kamfanin Buffalo na Jamus, 'yan matan Tokiyo kuma suka ɗauki nasu suka kai shi ƙololuwa.

Zuwansa na yanzu ya faro ne daga birnin Milan na Italiya. A watan Satumba na 2010, mai zanen kayan ado Miuccia Prada ta nuna kayan bazarar 2011, ciki har da takalmin maza mai igiya da ta ɗora a kan gindi mai hawa-hawa, wani hawan na saƙaƙƙiyar igiya wani na soso mai ratsin launi. Jaridun ado suka rabu biyu, masu kwaikwayo suka duƙufa, a wannan tsakanin ne sunan filatfom ya bazu. Stella McCartney, wata mai zanen kaya 'yar Birtaniya, ta biyo da nata a 2014. A 2015 kamfanin Puma ya fitar da creeper ɗin da ya yi tare da mawaƙiya Rihanna, aka wawashe shi cikin sa'o'i, mujallar Footwear News ta zaɓe shi takalmin shekara a 2016. Daga nan kusan duk wani kamfani mai suna, Converse ne, Dr. Martens ne, Teva ne, Ugg ne, sai da ya ɗauki tsohon takalminsa ya ƙara masa gindi.

To me ya sa abin da ƙafa ke jin daɗinsa haka yake tsone wa mutane ido?

Dalili na farko sabo ne. Ido ya daɗe da koyon cewa ƙafar mace mai kyau ita ce 'yar ƙarama, siririya, mai lanƙwasa. Tsini yana ba da wannan: yana ɗage bayan ƙafa, sawu ya gajarce a ido, ƙauri ya ƙara tsawo, taku ya zama ɗai-ɗai da rangwaɗa. Filatfom kuwa akasin haka yake yi. Yana ƙara wa ƙafa girma da nauyi a ido, ya yanke ta daga ƙasa da layi miƙaƙƙe kamar an aza mutum a kan dakali. Tafiyar ma takan canza, a ɗaga ƙafa gaba ɗaya a dire ta gaba ɗaya. Goggo ba ta yi ƙarya ba da ta ce bulo. A wajen wadda ta tashi ta ga ado yana nufin laushi da sirantaka, abu mai kusurwa huɗu a ƙafar budurwa ba zai taɓa kwanta mata a rai ba, kuma ban ga laifinta ba. Wasu kuma yana tuna musu takalmin asibiti da ake yi wa wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wannan sukar ita ce ba na karɓa ko kaɗan, don kamannin abu da kayan taimakon mai lalura bai isa ya zama aibi ba.

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma a ganina shi ne ainihin rigimar: don wa ake sa takalmi, don mai kallo ko don mai takawa? Tambayar ba ta wasa ba ce, don ta kai har zauren majalisa. A bikin finafinai na Cannes a Faransa, a 2015, an ba da rahoton mayar da wasu mata daga ƙofa saboda takalminsu ba shi da tsini. A watan Disamba na wannan shekarar, wata matashiya mai suna Nicola Thorp ta je aikin karɓar baƙi a wani ofis a Landan, aka ce sai ta sa mai tsinin inci 2 zuwa 4, ta ƙi, aka sallame ta ba ko sisi. Takardar koken da ta buɗe ta samu sa hannun mutum sama da 150,000, majalisar dokokin Birtaniya ta tattauna batun a watan Maris na 2017, duk da cewa gwamnati ba ta canza doka ba. A wannan shekarar ce lardin British Columbia na Kanada da ƙasar Filifin suka hana masu ɗaukar aiki tilasta wa mata sa tsini. A Japan, a 2019, Yumi Ishikawa ta tayar da gangamin KuToo, sunan da ya haɗa kalmarsu ta takalmi da ta raɗaɗi, saboda a harshensu kalmomin biyu kusan sautinsu ɗaya ne. Sai korona ta zo a 2020 ta zaunar da mutane a gida wata da watanni cikin silifa. Da aka buɗe gari, mata da yawa suka ciro tsofaffin kwas-kwas ɗinsu, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. A wannan gurbin filatfom ya samu wurin zama. Ya bai wa mace tsawon da take so a taro ba tare da ta biya da yatsunta ba. Wanda ya saba ganin cewa kwalliya sai da wahala, dole abin ya zo masa banbaraƙwai.

Amma kada a ɗauka kamfanoni tausayin ƙafar mata ne ya kama su. Sun gano cewa musu ma talla ne. A watan Oktoba na 2017, a Paris, kamfanin Balenciaga ya nuna takalmin robar Crocs da aka ɗora a kan tudun santimita 10, aka sa masa kuɗi dala 850. Intanet ta ɗauka, masu zagi suna zagi masu dariya suna yi, amma da aka buɗe oda a farkon 2018, kafin ma kayan su iso shaguna an saye na farko kaf. Wannan ɓangaren yana ɓata mini rai. Takalmin da amfaninsa shi ne sauƙaƙa wa mai tsayuwa, an mayar da shi abin jan magana, aka ƙara masa tsawo har ya rasa amfanin da aka san shi da shi. Irin waɗannan su ne suke ja wa masu matsakaicin tudu baƙin jini.

A wajenmu nan, rabin sukar ma ba ta da wurin kamawa, saboda irin suturarmu. Wadda ta sa abaya ko doguwar rigar leshi ko zani har ƙasa, bakin takalminta kaɗai ake gani, kamar dai matan Venis. Abin da ya rage a ido shi ne tsawon da ta ƙara da yadda rigar ta sauka sumul ba ta share ƙasa. Shi ya sa tela mai hankali yake tambaya, "Hajiya, da wane takalmi za ki sa?" kafin ya auna tsawo. Da damina kuma tudun yana yin aikin da dangarafai suka yi wa kakanninmu, ya ɗaga gefen zani daga taɓo. A filin biki mai yashi ko ciyawa, inda tsini ke nutsewa mace ta yi ta fama, shi lafiya lau yake wucewa. Akwai kuma matan da suke guje wa kwas-kwas saboda ƙararsa, suna tuna aya ta 31 a Suratun Nur da ta hana buga ƙafa don a san adon da aka ɓoye. Gindin soso ba ya ƙara. Sai dai malaman da suka yi magana a kan dogon takalmi ba ƙara kaɗai suka duba ba, sun kawo batun nuna tsawon da ba na mutum ba, da kuma jefa kai cikin haɗarin faɗuwa. Wannan na ƙarshen, filatfom bai tsira daga gare shi ba.

A nan ne nake rabuwa da masu yabonsa ba ƙaƙƙautawa, kuma ina da dalili. Bayan bikin nan da 'yan makonni, ƙanwata ta sauko daga adaidaita sahu a bakin kasuwa, sanye da silifar nan tata mai tudu, ba maɗauri a baya. Rabin takalmin ya sauka a kan murfin kwata, rabi a iska. Ina bayanta, na ga yadda gindin ya kife gefe ɗaya gaba ɗayansa kamar an juya faranti, ƙafar ta bi shi. Ba ta ko yi ƙara ba, zama kawai ta yi a gefen titi tana riƙe da idon sawu, kafin mu kai gida ya kumbura ya yi suntum. Allah Ya taƙaita, targaɗe ne ba karaya ba, amma sai da ta yi kusan sati uku tana ɗingishi.

Abin da ya faru da ita ba tsautsayi ne kawai ba, yana da bayani. Tafiya aiki uku ce a jere: dunduniya ta fara sauka, nauyi ya mirgino ta tsakiyar tafin ƙafa, sannan yatsu su lanƙwashe, musamman babban yatsa, su tunkuɗa jiki gaba. Gindi mai kauri ba ya lanƙwasuwa. Saboda haka matakin ƙarshen nan ya ɓace, ƙauri da gwiwa su ɗauki aikin ɗaga takalmin, shi ya sa wadda ta yi doguwar tafiya da shi take jin gajiya a gaban ƙauri. In silifa ce ba maɗauri, yatsu ne za su yi ta damƙe shi a kowane taku don kada ya fice. Na biyu, tafin ƙafa yana da ji. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa nan akwai dutse, nan ƙasa ta karkace, tun kafin ido ya gani. Soso mai kaurin santimita 6 yana dakushe wannan saƙon, sai labari ya iso a makare. Na uku shi ne mafi muni. Yawancin targaɗen idon sawu yana faruwa ne in tafin ƙafa ya juya ciki, jijiyoyin gefen waje suka miƙe fiye da kima. Iya nisan ƙafa da ƙasa, iya ƙarfin murɗawar in ta tashi juyawa, kamar yadda doguwar ƙota ta fi gajeriya ƙarfin banƙara abu. Mai siririyar silifa in ta taka dutse, ƙafarta za ta ɗan lanƙwashe ta gyara. Mai tudu kuwa, in ya wuce wani mizani, sai dai ya kife.

Daɗin tsayuwa daban, amincin tafiya daban. Filatfom ya ci na farko. Na biyun ya danganta da yadda aka ƙera shi da kuma ƙasar da za a taka. An zana shi ne don daɓen Milan da shimfiɗaɗɗun titunan Paris, mu kuwa hanyoyinmu da yawa akwai rami, akwai kwata a buɗe, akwai tsallake-tsallake.

Kauri shi kaɗai ba shi ne matsalar ba, kuma 'yan tsere sun tabbatar da haka. Takalman gudun fanfalaki na yanzu masu kauri ne sosai, kuma masu tauri. Da irinsu Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a Viyana a watan Oktoba na 2019, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta taƙaita kaurin gindin takalmin gudun titi zuwa milimita 40 a farkon 2020. Abin da ya bambanta su da bulon Goggo shi ne gabansu a ɗage yake, gindin ya yi lanƙwasa kamar cikin kwalekwale, ƙafa tana mirginawa a kai ko da takalmin bai lanƙwashe ba. Dabarar masassaƙan okobo ce ta Kiyoto ta dawo a cikin soso. Kuma a ɗaure suke tamau.

Maganar tuƙi kuma ba ta da sassauci a wajena. Ƙafar da ba ta jin ƙasa ba za ta ji burki yadda ya kamata ba, faɗin gindin kuma yana iya taɓa totur da burki a lokaci ɗaya ko ya maƙale a tsakaninsu. A Japan, a ƙarshen shekarun 1990, an yi haɗuran da aka danganta da irin waɗannan takalma, har da asarar rai. Ƙa'ida ta 97 a kundin dokokin hanya na Birtaniya ta ce direba ya tabbatar suturarsa da takalminsa ba za su hana shi sarrafa mota daidai ba. Wadda za ta tuƙa, ta tuɓe shi ta sa wani.

Da ƙafar ƙanwata ta warke, ba ta yar da takalmin ba. Mun kai shi wajen wani dattijo mai gyaran takalmi da ke zama a gindin bishiya kusa da layinmu. Ya karɓa ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kama gaba da baya ya gwada lanƙwasawa, ko gezau. Ya dire shi a kan bencinsa ya danna bakin da yatsa ɗaya, bayan bai ɗaga ba. Ya ce, "Kin gani ko, 'yata? Mai kyau in kin danna nan sai ya yi miki sallama ta baya." Sannan ya juya shi ya nuna mana gindin, ya fi saman tsukewa, ga shi sumul ba zane. Ya ce wanda za a saya a nemi mai faɗin gindi, mai ɗagaggen baki, mara nauyi, mai maɗauri a idon sawu, kuma in tudun ya wuce faɗin yatsu uku to na zama ne a wurin biki, ba na shiga kasuwa ba. Ban ji wani likitan ƙafa ya faɗi abin da ya saɓa wa wannan ba.

Ya yanko fata ya ɗinka masa maɗauri a baya, ya manna masa siririyar roba mai zane a ƙasa. Da shi ta je sunan da aka yi a gidan Goggo watan jiya, ta wuni tsaye tana rabon abinci, da siririyar silifarta a jaka don komawa gida. Goggo ta bi ƙafar da kallo lokacin da ta zo ajiye mata kwano, ta ce, "Har yanzu dai bulon ne, ɗamara kawai aka yi masa."